Babi na 7: Hana Tsohuwar Kwamfuta Sauya Windows Ba da Yardar Mai Ita Ba

Kaso mai yawa na wutar lantarkin da ake sha a jihohin Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake tasowa. Layi ne mai ƙarfin kilobolt 132 ya tsallako iyaka ya sauka a Gazawa, daga nan aka raba shi, reshe ɗaya ya nufi yamma zuwa Maraɗi, ɗaya ya nufi gabas zuwa Damagaram. Duk wanda ya zauna a Gazawa ko Agiye a watan Agustan 2023 ya san abin da wannan ke nufi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar bisa takunkumin CEDEAO, aka shafe watanni ana rabon ɗan abin da injunan kamfanin wuta na NIGELEC suka iya samarwa, unguwa bayan unguwa. Sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 sannan al'amura suka fara daidaita. Ko babu rikicin siyasa ma, ɗaukewar wuta a watannin bazara ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Dalilin fara babin kwamfuta da maganar wuta shi ne, sauya Windows daga wani zubi zuwa wani aiki ne mai cin awoyi. Kwamfutar za ta ture tsohon tsarin gefe, ta shimfiɗa sabo, ta kashe kanta ta kunna sau da dama, rubutu ɗaya kuma na tsaye a fuskarta yana gargaɗin kada a kashe ta. Waɗanda suka tsara aikin sun ɗauka wuta za ta zauna daram har a gama. Sun kuma ɗauka intanet abu ne da ake biya sau ɗaya a wata a yi ta sha ba awo. A Cadawa, ko Gangara, ko Gidan Sori, babu ɗaya daga cikin biyun da yake haka. Kwamfutar tebur ba ta da batir, ta hannu kuwa da aka sayo bayan wani ya gama morar ta, sau da yawa batirinta ba ya riƙe rabin awa. In wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, wani lokaci Windows kan iya komawa baya da kansa. Wani lokaci kuma sai a wayi gari da kwamfutar da za ta kunnu, ta nuna tambari, ta mutu, ta sake kunnuwa, haka za ta yi ta yi har a ɗauke ta zuwa wurin mai gyara a Maraɗi.

Su wa abin ya shafa? A garuruwan da ke jere a bakin babbar hanya, daga Gidan Runji da Tsibiri a yamma har Agiye da Gazawa a gabas, da wuya ka rasa ɗan shagon buga takardu kusa da ofishin magajin gari ko babbar makaranta. Ɗaki ɗaya ne, da tebur, da kwamfuta HP ko Dell wadda ta yi aikinta na farko a wani ofishin Turai shekaru goma da suka wuce, da firinta da aka lulluɓe da tsumma saboda ƙura, da injin fotokofi. A cikin kwamfutar akwai takardun neman aiki, da na cinikin fili, da katin ɗaurin aure, da jerin sunayen ƴan ƙungiyar manoman aya da abin da kowa ya zuba. Mai shagon ya san mazaunin kowace takarda ko da ido a rufe. Lokacin haɗa takardun jarrabawar BEPC da BAC kuwa, layi ne har waje, kuma abin da ya samu a waɗannan makonni shi ke riƙe shi watanni. Ban da shi akwai mai tura waƙoƙi da finafinai a memori, da mai ɗaukar hoto, da gidan rediyon al'umma, da daraktan makaranta, da ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ya dawo gida hutu da kundinsa rabi a rubuce. A wurin kowannensu, kwamfutar da ta tsaya kwana uku asara ce ta kuɗi, kuma firintar da ta daina magana da kwamfuta saboda sabon Windows bai san direbanta ba, daidai take da wadda ta lalace.

Kafin a taɓa komai, akwai abubuwa biyu da ya kamata a raba, domin duk a ƙarƙashin suna ɗaya suke zuwa, mizajur, kuma haɗa su shi ne tushen yawancin ɓarnar da ake yi. Na farko faci ne na tsaro. Kamfanin Microsoft kan fitar da shi a ranar Talata ta biyu ta kowane wata, yana toshe ramukan da ɓarayin intanet suka gano, ba ya sauya fuskar kwamfutarka, ba ya raba ka da manhajojinka. Na biyu shi ne sauya tsarin ɗungurungum, daga Windows 7 zuwa 10, ko daga 10 zuwa 11. Na farko ana son sa. Na biyun ne muke magana a kai, kuma matsayina a kansa bai da kwana-kwana: mai kwamfuta ne ke da hakkin cewa yaushe, ko ma ya ce a'a.

Wannan hakki an taɓa take shi a fili. Windows 10 ya fito ranar 29 ga Yulin 2015, aka ce kyauta ne na shekara guda ga masu Windows 7 da 8.1. Aka cusa wata ƴar manhaja cikin faci mai lamba KB3035583, aikinta kawai ta riƙa tasowa tana tallan sabon tsarin. A watan Satumba na shekarar mutane suka gano kwamfutocinsu sun sauko da fayilolin Windows 10, masu nauyin gigabait 3 zuwa 6, sun ɓoye su a wani kundi ba tare da an tambaye su ba. A farkon 2016 aka mayar da shi cikin jerin abubuwan da kwamfuta ke ɗauka da kanta. Abin ya kai maƙura a watan Mayun 2016. Kowa ya san jan gicciyen da ke kusurwar taga ma'anarsa rufe, ba na so. Sai aka mayar da danna shi tamkar amincewa da lokacin da aka tsayar don sauyin. Mutum ya rufe taga yana ganin ya ƙi, ya tafi ya dawo ya tarar an sauya masa komai.

A Amurka wata mai kamfanin shirya tafiye-tafiye a garin Sausalito na Kalifoniya, Teri Goldstein, ta kai Microsoft ƙara saboda kwamfutar da take sana'a da ita ta rikice bayan sauyin da ta ce ba ta nema ba. Kotu ta ba ta dala 10,000 a 2016, kamfanin kuma ya janye ɗaukaka ƙararsa ya biya. Amma labarin da ya fi kama da halinmu daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ya fito. A dajin Chinko da ke gabashin ƙasar akwai masu aikin kare namun daji daga mafarauta masu ɗauke da bindigogi. Intanet ɗinsu ta tauraron ɗan'adam ce, kowane megabait da kuɗinsa. A tsakiyar 2016 suka ba da labarin cewa ɗaya daga cikin kwamfutocinsu ta zuƙe kimanin gigabait 6 tana sauko da Windows 10 a ɓoye, a kan layin da suke dogara da shi wajen tafiyar da aikin dakarunsu a daji. A ƙarshen watan Yuni Microsoft ya gyara tagar, ya sa maɓallin ƙi a fili, a Disamba kuma shugaban sashen tallan kamfanin, Chris Capossela, ya amsa cewa maganar jan gicciyen nan an wuce gona da iri. Abin da ya ɗaure mini kai a duk tarihin nan shi ne yadda babu wanda ya tsaya ya yi tunanin mutumin da ke sayen forfe na kwana ɗaya a Airtel ko Moov ko Zamani, ya jona wayarsa da kwamfuta don ya aika takarda guda, ya ga megansa sun ƙare kafin takardar ta tafi.

Yau maganar ta koma kan Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoban 2021, da kuma Windows 10 da aka daina ba shi facin tsaro na kyauta ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 yana da sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki gigabait 4 aƙalla, ma'ajiya gigabait 64, wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin Intel na zubi na 8 zuwa sama ko takwaransa na AMD. Gane zubin ba wuya. Dubi lambar da ke bayan sunan injin: in ka ga i5-3320M, zubi na 3 ne, i5-6300U zubi na 6, i5-8250U zubi na 8. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan ba, kuma irinsu ne suka fi yawa a hannun mutanenmu. Wannan na nufin mai tsohuwar kwamfuta sosai ba zai ga Windows 11 ya shigo masa ta intanet ba, sai dai tallan da ke cika fuskar kwamfuta yana ce masa ya sayi sabuwa. Mai ta zubi na 8 zuwa sama shi ne za a riƙa yi wa tayi, maɓallin amincewa babba mai launi, na ƙin ƙarami a gefe. Yaron shago da ke sauri ya buga wa mutum takarda zai danna duk abin da ya fi kusa da hannunsa don tagar ta kauce. Wanda kuma ya riga ya hau Windows 11, shi ma bai huta ba, domin kowace shekara ana fitar da sabon zubi, kuma in wa'adin na hannunsa ya kusa ƙarewa, kwamfutar da kanta take ɗauko na gaba.

To, me za a yi? Abu na farko ba cikin saitin Windows yake ba. A kwafe takardu a ajiye a wani wuri, kile ko ma'ajiyar waje, a cire shi daga jikin kwamfutar a sa a aljihun tebur. A haɗa da direbobin firinta da sikana, da fayilolin girka manhajojin da ake aiki da su, domin na tsohuwar firinta kan ɓace daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Wanda ya yi wannan, duk abin da ya biyo baya ɓata lokaci ne kawai zai jawo masa, ba asarar aikin shekaru ba.

Sai a gaya wa kwamfutar cewa intanet ɗin nan na awo ne. Kwamfutocinmu galibi da Faransanci suke magana, saboda haka a shiga Paramètres, a zaɓi Réseau et Internet, a buɗe bayanan Wi-Fi ɗin da aka jona, a kunna maɓallin Connexion limitée. Daga nan Windows zai daina sauko da manyan kaya da kansa, ko da yake yakan ɗauki ƙananan da yake ganin na dole ne. A lura, saitin na bin kowane rezo ne daban. In yau da wayarka ka jona, gobe da ta ƙaninka, to sai an kunna wa kowacce nata. A ganina wannan ne mataki mafi amfani ga mai sayen forfe, kuma ba ya ɗaukar minti biyu. Akwai kuma maɓallin dakatarwa a shafin Windows Update, amma a Windows 10 kwana 35 ne iyakarsa, bayan nan sai an bar kwamfutar ta ɗauki abin da ya taru kafin a sake dakatar da ita. Amfaninsa na lokacin cunkoson aiki ne: a danna shi mako guda kafin lokacin takardun jarrabawa, ko kafin a rufe lissafin ƙarshen shekara.

Hanyar da ta fi ƙarko ita ce ɗaure kwamfutar a kan zubi guda. Microsoft da kansa ya tanadi wannan saboda manyan ma'aikatu, waɗanda ba su yarda a sauya musu tsari ba shiri. A rubuta winver a wurin bincike a ga zubin da ake kai; na ƙarshe a Windows 10 shi ne 22H2. A cikin rajistar Windows akwai wurare uku da ake cikewa: ProductVersion a rubuta Windows 10, TargetReleaseVersion a sa 1, TargetReleaseVersionInfo a rubuta 22H2. Mai Windows Professionnel zai iya yin haka ta hanyar gpedit.msc, mai Windows Famille kuwa ba shi da wannan ƙofa. Ba na ba kowa shawarar shiga rajista in bai saba ba, domin kuskure ɗaya a can kan hana kwamfuta tashi. Akwai ƴar manhaja ta kyauta mai suna InControl, wadda Steve Gibson ya rubuta, shi ne kuma ya yi Never10 a lokacin rikicin 2016. Ba ta da nauyi, ba a girka ta, maɓalli ɗaya gare ta, aikinta cike waɗannan wurare a madadinka, kuma in ka sauya ra'ayi da maɓallin nan za ka kwance. Kyawunta shi ne ta hana babban sauyi ta bar facin tsaro, in akwai shi, yana shigowa. A ɗauko ta daga shafin mai ita, grc.com, ba daga kilen da ya zaga shaguna goma ba.

Masu gyara da yawa sun fi son gajeriyar hanya, wato kashe Windows Update baki ɗaya. Ban goyi bayan haka ba ga kwamfutar da ke hawa intanet. Yana toshe mai amfani da marar amfani tare, kuma Windows na da wani ɓangare da kan sake kunna abin da aka kashe, sai mutum ya saki jiki yana ganin ya rufe ƙofa alhali a buɗe take.

Tun da maganar masu gyara ta zo, bari in faɗi abin da na ɗauka shi ne ainihin matsalar a yankinmu. Sauyin da ba a nema ba, a Agiye ko Gidan Runji, ya fi zuwa ta kilen mai gyara fiye da ta intanet. Mutum ya kai kwamfuta saboda tana nauyi, ko fanka na ƙara. Maganin da aka fi sani shi ne fomatin. Akwai kuma manhajoji irin su Rufus da ke tsallake sharuɗɗan Windows 11, sai a ɗora shi a kan injin zubi na 3 mai ƙwaƙwalwa gigabait 4 da tsohuwar ma'ajiya mai juyawa. Mai gyaran ba mugunta yake nufi ba, a ganinsa ya yi maka alheri, ya ba ka na yayi. Amma kwamfutar za ta ƙara nauyi, Microsoft kuma ya faɗa a fili cewa irin wannan girki bai da tabbacin samun faci. Akwai wani haɗarin da ba a cika sani ba. Sababbin zubin Windows 11, daga 24H2, kan kulle ma'ajiyar kwamfuta da kansu in an shiga da asusun Microsoft lokacin girki, mabuɗin kuma a cikin asusun yake zama. In mai gyara da nasa asusun ya shiga don ya gama da wuri, ranar da kwamfutar ta nemi mabuɗin, takardunka na hannun mutumin da wataƙila ya bar garin.

Saboda haka a yi magana tun kafin a ajiye kwamfutar a kan teburinsa, kuma a yi ta dalla-dalla.

"Malam, ga ta nan, nauyi take yi. Amma don Allah kada a sauya mini Windows ɗin, kuma kada a yi fomatin sai an kira ni."

"Alhaji, ai 10 ya wuce, yanzu kowa 11 yake sawa."

"Na sani, Malam. Firintata da wannan ta saba. A duba mini ƙura da ma'ajiya tukuna, in akwai abin saye a faɗa mini kuɗinsa."

Mai gyara na kirki ba zai ji haushin wannan ba. Sau da yawa ma nauyin ba daga Windows yake ba. Ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, zafin Afrilu da Mayu ya sa injin yana rage gudu don kada ya ƙone, ko tsohuwar ma'ajiya ce ta gaji. Busa ƙura, ƙara ƙwaƙwalwa zuwa gigabait 8, da sauya ma'ajiya zuwa SSD kan mayar da kwamfutar shekara goma ta koma tashi cikin daƙiƙoƙi. In fomatin ya zama dole, a tuna cewa kwamfutocin ofis da aka sayar da Windows 8 ko 10 a cikinsu galibi suna ɗauke da lasisinsu a jikin injin, ba sai an nemo na sata ba, wanda shi kansa hanya ce ta shigowar cuta.

In kuma aikin gama ya gama, an wayi gari an ga Windows 11 ta hanyar intanet, akwai kwana 10 na komawa baya. A shiga Paramètres, Système, Récupération, a zaɓi komawa. Sharaɗin shi ne kada a goge kundin da ake kira Windows.old, wanda masu neman fili a ma'ajiya kan yi saurin sharewa. A yi shi lokacin da ake da tabbacin wuta, ko a jona da batirin sola. Wanda aka yi wa fomatin ba shi da wannan dama.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi, gaskiya ne. Sai dai zama a kan tsohon tsari shi ma yana da farashinsa, kuma zan zama maƙaryaci in na ɓoye shi. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle dubban ɗaruruwan kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ramin da ta bi an riga an fitar da facinsa tun watan Maris, waɗanda ba su sa ba su ta kama. Windows 7 ya daina samun faci tun 14 ga Janairun 2020, 8.1 kuma tun 10 ga Janairun 2023, manhajar Chrome ma ta daina sabunta kanta a kansu tun farkon 2023. Duk wanda ke shiga asusun banki ko akwatin saƙonsa da irin wannan kwamfuta, ya sani a buɗe yake.

Manoman Ɗan Saga a gundumar Agiye sun yi suna a duniya da sassaben zamani. Sun daina tumɓuke kututturan itatuwa a gonakinsu, amma ba ƙyale su suka yi ba. Sukan zaɓi rassa masu ƙarfi su bari, su sare sauran, su kafa kwamitin da ke tsaron su daga masu sara. Riƙe tsohuwar kwamfuta haka yake: ƙin tumɓuke ta na tafiya ne da ɗawainiyar kula da ita.

Ga mai Windows 10, a 2025 an buɗe shirin ƙarin facin tsaro na shekara guda, zuwa 13 ga Oktoban 2026. An sa kuɗin shiga dala 30, wato fiye da jika 15, ko kyauta in mutum ya yarda ya jingina saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft. Dole kwamfutar ta kasance a kan 22H2 da lasisi na gaskiya. A ƙasashen Tarayyar Turai, matsin lambar ƙungiyar kare masu saye ta Euroconsumers ya sa aka sassauta sharuɗɗan a Satumban 2025. Mu ba mu da mai yi mana wannan magana, alhali mu ne muka fi kowa riƙe tsofaffin injuna. Manhajar kashe cuta ta Defender dai za ta ci gaba da samun sababbin bayanai a Windows 10 har Oktoban 2028, wannan ya rage wani abu, amma ba ya maye gurbin faci.

Ga shagon buga takardu, shawarata mai sauƙi ce: a raba aiki. Kwamfutar da ke buga takardu a cire ta daga intanet kwata-kwata. Word da firinta ba su buƙatar rezo. Abin da za a aika ko a karɓa, a yi shi da waya. Kwamfutar da ba ta hawa intanet babu mai sauya mata tsari, babu mai zuƙe mata mega. Abokin gabanta ɗaya ne, kilen abokan ciniki. Kowa ya san cutar nan da ke ɓoye takardu ta bar gajerun hanyoyi masu ɗan kibiya a madadinsu, mutum ya danna yana neman takardarsa, cutar ta shige. Takardun ba su ɓace ba, ɓoye su aka yi, kuma ana iya fito da su. Amma gara a hana: kada a danna komai mai kibiya a cikin kilen baƙo, a duba shi da manhajar kashe cuta tukuna, ko a ce wa mutum ya turo takardarsa ta WhatsApp.

Kwamfutocin ofisoshin gwamnati, da na cibiyoyin lafiya da ke tura alƙaluma ta manhajar DHIS2, da na ayyukan raya karkara, hukuncinsu daban. Ba na ma'aikacin da ke zaune a gabansu ba ne, kuma dole su hau intanet. Kada ya ɗaure, kada ya kwance, ya sanar da mai kula da na'urorin ma'aikatar a rubuce, ya nemi a tsayar da ranar da za a yi sauyin, ranar da akwai wuta, an kuma kwafe komai.

Saura wanda dole ya hau intanet, injinsa kuma bai cika sharuɗɗan Windows 11 ba. A nan ne Linux ke da amfani. Linux Mint 22 kyauta ne, yana magana da Faransanci, zai samu facin tsaro har 2029, yana kuma tafiya lafiya a kan injin da Windows 11 ya ƙi. Akwai Emmabuntüs, wanda aka tsara a Faransa musamman don farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, an kuma yi amfani da shi a ɗakunan koyon kwamfuta a arewacin Togo. LibreOffice na buɗe takardun Word da Excel, ko da yake takarda mai ado da yawa kan ɗan goce. Ba kowa zai dace da shi ba. Mai aikin hoto da ya saba da Photoshop zai sha wuya, kuma masu gyaran da suka san shi ba su da yawa a wajen manyan birane. Amma ana iya gwada shi daga kile ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. A kunna, a jona firinta, a buga shafi ɗaya, a buɗe takardun da aka fi aiki da su. Abin da ido ya gani shi zai yanke hukunci.

A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 za su iya zama shara saboda ƙarewar wa'adin Windows 10. Ba duka za su tafi juji ba. Wasu za su biyo hanyar da irinsu suka saba bi, ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano, su iso kasuwannin Kano da Maraɗi, da araha, kuma da yawansu lafiyarsu ƙalau. Mai shirin saye ya duba lambar injin kafin ya duba kyan murfin. In zubi na 8 ne ko sama, zai iya hawa Windows 11 ta hanyar da ta dace ranar da ya shirya. In ƙasa da haka ne kuma ya ga Windows 11 a kanta, to tsallake sharuɗɗa aka yi, sai ya tambayi mai sayarwa da asusun wa aka girka, ya sa a cire caja a gabansa ya ga minti nawa batirin zai riƙe, sannan a yi ciniki.